Ta Bakwai Daga Sama

A Gilasgo, inda ruwan sama ba ya hutu,
nan na fara tallar dariya.
Ɗaki ne a ƙarƙashin gidan giya,
kujera arba'in, mutum tara,
biyu gudun sanyi ya shigo da su,
ɗaya na gyangyaɗi, ya karya wuya.
Minti biyar aka ba ni.
Na ce, "Sunana Morven Tulloch."
Wani daga baya ya ce, "Wa ya tambaya?"
Shi aka yi wa tafi.
Na taka zuwa gida, takalmi cike da ruwa,
amsar da zan ba shi ba ta zo ba sai da safiya.

Shekara shida a haka:
da rana in sayar da takalma,
da dare in hau dandali in sayar da kunya.

Sai Landan ta yi kira.
Tebur dogo, mu takwas, shayi ya huce a kofuna,
barkwanci sittin kafin ƙarfe biyu,
a tsinci uku, saura a bi su da tsintsiya.
Gerald Pym ya gyara kwat, fitilu su haske shi,
ya faɗi maganata da bakinsa,
ƙasa duka ta kwashe da dariya.
Jaridu su ce, "Kai, mutumin nan akwai kai!"
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
To, da bugun nake biyan haya.

Babana direban bas ne, ya yi ritaya,
haƙoransa ba su san iska ba.
Duk Juma'a yana riƙe da rimot,
yana dakon ƙarshen shiri,
inda sunaye ke tsere kamar an koro ɓeraye.
Ya danna, su tsaya,
ya ɗauko waya:
"Na gan ki. Ta bakwai daga sama."
"Shirin fa, Baba?"
"Ban kalla ba. Hayaniya."

Shekara goma sha ɗaya, aka rufe shirin
da saƙo layi uku, na ƙarshe godiya.

Na dawo na tarar da shi a gidan jinya,
sunaye sun tsere masa,
ba rimot ɗin da zai sa su tsaya.
Nakan zauna bakin gado in gwada sababbi a kansa.
Ranar Talata na ba shi labarin daren farko,
da mutumin nan mai tambaya.
Ya yi dariya har da tari,
har nas ta shigo da gudu.
Ya nuna ni da yatsa, ya ce mata,
"Matar nan ban san ta ba,
amma ta fi 'yata iyawa, gaskiya."

Ban yi kuka ba sai a mota.
Kafin kukan, na rubuta maganar a bayan rasit,
hannu ya riga zuciya.

Daren Asabar na faɗe ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
kujera arba'in, ba ko ɗaya a banza,
dariya har kofuna na rawa.
Da ta lafa na ɗaga hannu:
"Wannan ba tawa ba ce.
Alasdair Tulloch ya rubuta, direban bas."
Ba wanda ya tambaya.