Birnina da Igiyar Teku

Wai igiya ce ta tsinke can ƙarƙashin teku,
haka mai shayin bakin gwata ya faɗa.
Ni dai abin da na sani,
tun la'asar sandunan wayata huɗu suka zube
kamar haƙoran tsoho.

Na buɗe wasan duk da haka.
Birnina ya fito rabi da rabi:
ganuwar da na yi wata bakwai ina ɗagawa,
rumbu uku, maƙera, barga,
manomi guda ya ɗaga fartanya sama
ya ƙi saukewa.
A tsakiyar allo ɗan zobe yana ta zagaye
kamar akuya a turke.

Na danna maharba, ko gezau.
Na danna ƙofar gabas, tana nan hangame.
Ni da nake gyaran waya a Sakul,
mai farfaɗo da wadda ta faɗa cikin miya,
yau an ce gyaran yana ƙasan ruwa,
inda sukundirebana ba ya kaiwa.

Kuma daren nan garkuwata ke ƙarewa. Ƙarfe tara.
Akwai wani, Dafin Kunama,
sau biyu yana ƙone mini gona.
Ban san ƙasarsa ba.
A raina na ba shi gemu, na ba shi tumbi,
na zaunar da shi a garin da ba a ɗauke wuta.
Yanzu haka, na ce, yana ƙirga mayaƙa.

Sai na yage kwalin sabulu,
na zana birnin da biro, ban manta ko rijiya ba.
Marafan kwalba suka zama dawakai,
gyaɗa ta zama dakaru.
Na kai wa kaina hari, na kare kaina,
na kuma kai,
har na farga na cinye rabin rundunar hagu.

Takwas da rabi na hau bene.
Nima duk ta fito:
hannaye sama, kowa da ɗan haskensa,
sai ka ce duban watan sallah ake.
Daga titi yaron turoturo yana kiran Mamobi, Mamobi,
shi sana'arsa ba ta bi ta teku ba.

A gefen tankin ruwa Fusaina ce,
'yar mai wake da shinkafa,
wadda nake bin uwarta canjin sidi biyu.
Tana jijjiga waya kamar mai kaɗa nono, tana tsaki.
Na ce lafiya?
Ta ce ina lafiya, baba Mutaka,
akwai wani sakarai, wai shi Sarkin Sakul,
ƙarfe tara garkuwarsa za ta faɗi,
kullum yana barin ƙofar gabas a buɗe,
kwana huɗu ina masa tanadi.

Na dubi teku, ba a ganinsa daga nan.
Na yi masa godiya a ɓoye.

Na ce zo ki ga wani abu.
Na shimfiɗa kwalin ƙarƙashin tocila.
Ta duba ganuwa, ta duba rijiya,
ta ɗago ta dube ni,
dariya ta kama ta har ta riƙe tanki.

Ba zobe mai zagaye, ba jiran kowa.
Ta ɗauki marafai shida.
Kafin ladanin Isha'i na can ƙasa ya kashe lasifika
ta shigo ta gabas,
ta kwashe rumbunan,
ta zuba sauran dakaruna a baki.

Da igiyar za ta dawo, ban san rana ba.
Na dai ninke birnin na sa a aljihu,
yana warin sabulu,
na kuma ja layi biyu da biro
a bakin ƙofar nan.