Kuɗin Adakar Maidamma

Aje ta bisa buhu, Arzika, bakinta ya dubi garu.
Bindiga ko ta mutu ba a nuna ta ga mutum.
Yau Dakingari na ci, kowa sauri yake,
ban da ni. Miƙo tsumma da man gyaɗa.

Kotar ƙirya ce, na gane tun tana hannunka.
Gara ba ta lasa ba. Nan wurin kunci
ta yi sulɓi, ta yi baƙi kamar gindin tukunya,
gumin ubanka ne na shekara talatin.
Wannan ba ya ƙara sule, ba ya ragewa.

Na ɗana, ta kama daram,
na sauke ta a hankali da babban yatsa.
Kunama na da sauran dafi. To, madalla.

Yanzu ƙarfen. Kasa kunne, ga ƙusa.
Can baki yana amsawa kamar ƙararrawa,
tsakiya ma haka. Nan gindi fa?
Ka ji? Kamar ƙwaryar da ta sha ɗinki.
Bari in kankare. Danƙo ne da baƙin tukunya,
ƙarƙashi tsaga, siririya kamar gashin wutsiyar doki.
Ban tambayi wanda ya shafe ba, ɗaga kanka.
Dubi hagun Labbo dai: uku suka rage.
Irin wannan gashin ya aske mini biyun.

Mai shinkafar da ke jira ya saya don korar tsuntsu,
shi ma da hannu yake cin tuwo.

Kawo sandar ɗuri. Daga waje ta kai nan.
Daga ciki ta tsaya, saura yatsa uku.
Ja da baya, yaro.
Da ɗuri ka rataya ta tun daga Suru, bisa babur!
Maidamma ya ɗura wa gyadon fadama,
zazzaɓi ya riga gyadon zuwa.

Zuba ruwa. Ƙara. Bari ta sha ta ƙoshi.
Ga shi na zaƙulo: albarushi ya zama taɓo,
guntun ƙusa huɗu, ƙwallon keke biyu,
da toshin tsumma, shuɗi, mai zanen allura.
Ka san rigar, na ga idonka.

Kota dubu huɗu. Kunama uku.
Ƙarfe a sikeli, gobe ya zama lauje.
Tsumman nan ban san kuɗinsa ba.
Shanya shi bisa uwar maƙera, ya bushe, ka tafi da shi.