Tukwane Biyar

A Kajaani, gidan kula da tsofaffi,
Nenita ce mai aikin dare.
Daga Iloilo ta zo da akwati ɗaya
da kunne mai tukwane biyar:
a, e, i, o, u.
Duk sautin da ya faɗo,
tukunyar da ta fi kusa ce makwancinsa.

Ƙarfe biyu, ƙararrawar ɗaki na tara.
Tsohuwa Hilja ta nuna taga, ta ce tuuli.
Nenita ta ji tuli,
ta shinshina labule, ta laluba wayar fitila,
gabanta na dukan uku-uku, tana neman wuta.
Ashe iska ake nufi.
A garin nan, tsakanin iska da gobara
numfashi ne kawai da aka ja ya ɗan daɗe.

Wani dare kuma, syy.
Ita suu ta ji,
ta kawo ruwa da ƙyalle za ta goge mata baki.
Hilja ta ture kofin.
Dalili take tambaya,
dalilin da ya hana ɗanta Kauko zuwa ran Lahadi.

Sai tsohuwar ta kamo yatsan Nenita
ta ɗora a leɓenta, busasshe kamar ɓawon albasa.
Leɓe ya tsuke kamar za a ce u,
harshe kuwa yana can gaba, unguwar i.
Nenita ta gwada, ya zame ya faɗa tukunyar u.
Ta sake, ya faɗa ta i.
Hilja ta yi dariya har haƙoran roba suka motsa.
An ce kunne ya girmi kaka,
nan kam kaka ce ke rainon kunne.

Makonni suka wuce.
Ƙanƙara ta binne kekunan da ke ƙofar gida.

Ƙarfe huɗu na asuba, Nenita na ninke bargo,
Hilja ta yi magana ido a rufe: syy.
Sautin bai gangara ko'ina ba.
Ya tsaya shi kaɗai a tsakar kunnenta,
sabuwar tukunya, ɗanya, ko gashi ba a yi mata ba.

Ba ta ɗauko ruwa ba.
Amsar ma ba ta da ita.
Ta ajiye bargon,
ta jawo kujera, ta zauna kusa da gadon.