Dabino Sittin da Uku

Na shigo aji da dabino sittin da uku,
daidai yawan kawunansu,
na dala ɗari ne, daga kasuwar Dole.

Agali na ba talatin, shi kaɗai.
Bencin gaba suka raba ashirin da biyar.
Takwas na miƙa wa sauran, na ce: to, ga duniya.
Na juya na rubuta a allo:
in an raba a takarda, kowa ɗaya ya samu.

Falmata ta buɗe tafin hannunta.
"Mushe, ina ɗayan nawa?"
Na ce yana cikin lissafi.
Ta ce lissafin nan ko ƙwallo babu, balle zaƙi.

Aji ya ɗauki dariya, fanka ta tsaya,
wuta ta tafi yadda ta saba.
A cikin zufar nan Jabbo ya miƙe,
yaron da tun farkon shekara ban ji muryarsa ba.
Ya ce a rugarsu, bayan Tanut,
wanda fari ya share wa garke
ana ɗaura masa karsana,
ya sha nono, ya riƙe 'yan maruƙa,
uwar ta koma gida da godiya.
Habbanaye sunan abin.
Ba a sa hannu, ba ruwa a kai,
kunya ce jingina.

Na duba littafina, shafi ɗari biyu da ɗoriya,
an zana bankuna, an zana jiragen ruwa.
Karsanar Jabbo ba ta samu wurin tsayawa ba.

Cima ta ce adashin uwarta fa?
Mata goma sha biyu a Garin Malam,
kowace Juma'a jika guda,
shi ya yi rufin ɗakinsu, shi ya sayo injin markaɗe.
Ta faɗa tana kallon ƙasa,
don ta san na sani.
Wata biyu albashi bai sauka ba,
kuma a bangon uwarta, gefen kaskon ƙosai,
akwai zanen gawayi goma sha ɗaya.
Nawa ne.

Da aka buga ƙarfen tashi
Agali ya riga ya cinye biyu.
Sauran ya bi benci benci yana ajiyewa,
yana cewa a gutsura a miƙa gaba,
amma a maido masa da ƙwallayen,
kakansa yana da rijiya.

Babu wannan a jarrabawar ƙarshen shekara.
Na goge allo,
na bi ta Garin Malam a ƙara mini na goma sha biyu.