Bakwai Sau Takwas

A saman kwabar Baba, a Samaru,
ƙarƙashin tsofaffin jaridu da kashin ɓera,
na tarar da ita naɗe cikin zanen Inna:
kwamfutar nan mai launin kunun gyaɗa,
madannai da ciki duk jiki ɗaya,
ba ta da fuska sai ta ari ta talabijin.

Talabijin ɗin kuwa, mai ƙusumbin nan,
'yan gwangwan sun auna shi tun bara.
Na bangon yanzu siriri ne kamar faifai.
Na leƙa bayansa, na laluba ramukansa,
babu wanda ya san bakin wayarta.
Ta zama baƙuwa a gidan da ta girmi rabin mutanensa.

Na rungume ta a Keke Napep zuwa PZ.
Yara masu gyaran waya suka kewaye ta,
wani ya ce keken rubutu ce, wani ya ce abin kiɗa.
"Hajiya, wuce Sabon Gari,
nemi Tanimu mai rediyo, bayan masu kifi,
in bai mutu ba."

Bai mutu ba.
Ya ɗaga tabarau, ya shafa haƙarƙarinta
kamar mai taya akuya.
"Rabona da irinta tun ina yaron shago.
Ita da harshen eriya take magana,
na bangonki kuwa bai taɓa jin yaren ba.
Sai an sa musu tafinta."

Kwana tara ina zarya. Kubanni ta cika ta batse.
Ya buɗe cikinta, ya cire ƙwayoyin da suka kumbura,
hayaƙin dalma ya kama gyalena.
Ya jawo mata sabuwar jijiya mai kai rawaya,
ya haɗa da wani ɗan akwati, bai fi na ashana ba,
da direba ya kawo masa daga Kano.

Da farko hoton ya dinga hawa sama
kamar guga a hannun mai sauri.
Sannan ya tsaya, ba launi.
Sannan aka ɗauke wuta.
Muka zauna muna sauraren ruwa a kan kwano.

Da ta dawo, sai ga shuɗi,
shuɗin da na sani tun kafin in san sunansa.
Amma haruffan sun baje, sun yi teɓa.
Tanimu ya matse hoton ya koma yadda aka haife shi,
ya bar duhu a dama, duhu a hagu,
kamar tabarmar da mutum biyu suka tashi daga gefenta.

Akwai kaset guda, da jan biron Baba a jiki: LANTANA.
Muka sa. Ya yi ta kukan gyare
minti huɗu cur.
Ɗana Zailani ya toshe kunne:
"Mama, ai wayarki ta fi wannan."
Ban tanka ba.

MENENE SUNANKI?

Na rubuta da yatsa ɗaya, kamar wancan lokaci.

SANNU YAR BABA.

Na'urar ba ta san ɗ ba, ba ta san ƙ ba.
Shi ya lallashe ta dare bayan dare,
in ya dawo daga ɗakin gwaje-gwaje,
har ta yi Hausa da ɗan guntun harshenta.

BAKWAI SAU TAKWAS NAWA NE?

Shekarata arba'in da shida.
Albashin mutum ɗari biyu a hannuna yake bi duk wata.
Na san amsar.
Na danna biyar, na danna huɗu.
Tanimu ya buɗe baki zai gyara mini,
na ɗaga masa hannu.

Ɗan ɗigon ya ƙifta, ya sake ƙiftawa,
tafinta ya ɗan jinkirta
kamar mai gyaran murya a bakin ƙofa:

A'A LANTANA. SAKE GWADAWA.
BA SAURI NAKE BA.