Zoben da Ke Juyawa

Sha ɗaya na dare a Ali Ɗan Sofo.
Na ja ƙofar shagon caji, na bar ƙwai guda yana ci,
na zauna kan bencin da bulo ya zame wa ƙafa.
Na danna.
Zobe ya soma juyawa a fuskar waya:
ana neman abokin karawa.

Minti uku.
Tsahiru mai shayi ya ɗaga buta sama,
zaren ruwa ya sauko ya tada kumfa.
Ya ce, har yanzu?
Na ce, har yanzu.

Bara war haka ban san jira ba.
Ina ɗan koyo, yatsuna suna tuntuɓe,
kafin in gyara zama an turo mini mutum.
Duniya duk tsarata ce a lokacin,
tunda kowa na iya kai ni ƙasa.

Sai na sayar da barci na sayi iyawa.
Jika bayan jika ta tafi wajen mai kati.
Na'ura kuwa ba ta mantuwa,
tana ƙirga kowace nasara kamar mai bin bashi,
ta hau da ni bene, hawa bisa hawa,
ta sauko da tsani ta bar ni can
ni da iska.

Minti tara.
Kabu-kabu na ƙarshe ya wuce wajen tasha.
Sauro ya samu abokin karawa a idon sawuna,
shi bai jira ba.

Kakana Nomau ya yi dara shekara arba'in
a gindin bedi, hanyar Tibiri.
Rami talatin, ƙasa da tsinke.
Wanda ya tsuguna gabansa shi ne tsara,
ko liman, ko yaron da aka aika sayen gishiri.
In ya cinye ka, sai ya share ƙasa da tafi
ya ce sake.
Ba wanda ya taɓa auna shi kafin a ba shi mutum.

Ƙanena Cindo ya ce in shiga da sunansa.
Na gwada sau ɗaya.
Kafin ƙiftawa an kawo mini wani,
na gama da shi shayi bai huce ba,
na ji kamar na ƙwace wa yaro ƙosai
a bakin makaranta.

Akwai dai mutum guda.
Kunama, haka ya rubuta, da lamba bakwai a wutsiya.
Ban san ko namiji ba ne.
Ban san ko Damagaram yake ba ko bayan teku.
Na san yana son kwana ta hagu,
na san in ya yi shiru to tarko ne.
Ya kayar da ni sau sha huɗu, na rama sha uku,
ba mu taɓa cewa sannu ba.
Kwana huɗu ke nan bai fito ba,
ina tunaninsa kamar ɗan'uwa da ya tafi ci-rani.

Minti sha tara.
Ni mai cika wayoyin unguwa, tawa saura kashi huɗu.
Tsahiru yana kifa kofuna.

Zobe ya tsaya.
Kunama.

Na miƙe har benci ya zame daga bulo,
sai ga kuran ya ɗauke tun daga nan har Zariya,
rezo ya bi shi, sanda ɗaya bayan ɗaya.
Can inda yake, an gaya masa na gudu.

Za su rage mini maki, na sani.
Na laluba kwaɗo cikin duhu ina dariya ni kaɗai:
an sauko da ni taki guda wajen mutane.
Gobe wataƙila minti sha takwas.