Usur Biyu

Ni ne mai usur a wata firamare a Gangare,
shekara goma sha ɗaya ina busawa.
Ran Laraba, raɓa ba ta bushe a kan duwatsu ba,
na jera 'yan aji biyar bakin layin toka.
Zagaye uku, na ce.

Sagir sunansa, sunan ya yi masa kaɗan.
Rigarsa kullum tana ba maɓallanta haƙuri.
Yara na ce masa Tanka, shi ma ya yi dariya,
dariyar da ba ta kaiwa ido.

Zagayen farko da zuciya ya yi shi.
A na biyu ya tsaya wajen turken raga,
hannu a gwiwa, baki buɗe.
Na ce, raggo!
Da bakina na faɗa, gaban yara arba'in.

Sai na ji usur.
Na duba nawa, yana lilo a wuyana, shiru.
Wannan daga ƙirjin yaro yake fitowa,
siriri, kamar iskar Agusta a hudar kwano.
Ga iska nan cike da Jos, kyauta,
ta ƙi shiga.

Ni da Malama Nanret muka ciccibe shi.
Mai keke bai ma tsaya ciniki ba.

Uwarsa ta iso da ƙamshin mai a mayafi,
daga kaskonta na dankali a Farin Gada.
Ta ce, likita, ni na kwana da yunwa ina yarinya,
na rantse nawa ba zai kwana ba.
Ashe ƙoshi ma yana da nasa?

Likita bai daka wa kowa tsawa ba.
Ya ce hanyar numfashi ce ke tsukewa
in gudu ya gamu da sanyi, nauyi ya danne.
Kada ku raba shi da fili, in ji shi,
a dai bi shi sannu.

Yanzu akwai ɗan abin shaƙa shuɗi a aljihunsa.
Da tafiya muke farawa, ni da shi,
tumbina ma ba baya ba.
Jiya ya rufe zagaye biyu, ya ɗago yana kallona.
Ban busa ba. Ƙirjinsa nake saurare.

Kalmar nan kuwa tana nan wajen turken raga.
Kullum sai na wuce ta.
Ban san ta inda ake ɗaukarta ba.